Motar da Malam ya bari

Ni malamar lakwal ce, wato makarantar boko, 'yar Maradi, aure ya kawo ni unguwar Harobanda, a hayin kogin Yamai. A lokacin da abin nan ya faru ban daɗe da fita takaba ba, daga ni sai ɗiyata guda da tsohuwar motar mijina. Motar ta tsufa tun kafin ya saye ta, amma yana ji da ita. Kullum bayan asuba sai ya ɗaga kapo, murfin injin, ya sunkuya ciki da tsumma a kafaɗa, ni kuwa ina daga madafa ina mita cewa shayi yana hucewa. Sau da yawa ya kira ni in zo in ga abin da yake yi, nakan nuna masa lallen hannuna in ce wannan hannu da baƙin mai sai dai kallo daga nesa. Ya yi dariya, ya rufe kapo. A lokacin ina ganin tsabar son mota ne irin na maza.

Da aka zo rabon gado 'yan'uwansa suka ba da shawarar a sayar da ita. Na roƙe su da hawaye a bar ta cikin rabona da na yarinya, suka yarda. Ba don tsada na so ta ba. Kujerar direba tana nan yadda ya ja ta baya saboda tsawonsa, ƙamshin turarensa ya kama ta, kuma duk ranar da kewar ubanta ta taso wa ɗiyata, can take shiga ta zauna har ta yi barci. Ni kaina da matashin kai a bayana nake tuƙi don kada in matsar da kujerar.

Bayan 'yan makonni wata jar fitila ta fara ƙiftawa idan na sha kwana. Maƙwabcinmu ya ce wataƙila mai take zubarwa, in shimfiɗa kwali a ƙarƙashinta in gani. Na shimfiɗa, da safe na tarar da shi fes, ko ɗigo babu. Hankalina ya kwanta, na ce ai fitilar ce ta tsufa. Har wata rana ɗiyata, da kawunta ya goyo ta a babur a bayana, ta ce mini motar Baba tana fitar da shuɗin hayaƙi in na taka. Na ce wace tsohuwar mota ce ba ta hayaƙi a Yamai? Mai tuƙi ba ya ganin hayaƙinsa, ni kuma na ƙi jin wadda ta gani.

A tsakiyar gadar Kennedy, ina ƙetarawa wajen otal ɗin Gaweye, injin ya yi wata ƙara kamar ana dukan turmi da ƙarfe, ya tsaya cak. Aka ja ta zuwa garejin makanikin da mijina yake zuwa. Mutumin ya yi mini ta'aziyya tukuna, sannan ya zaro sandar awon mai, ga ta a bushe. Ya kwance buji, wato fulogi, ya nuna mini, baƙi ƙirin, jiƙe da mai. Ya sa yatsa a bututun hayaƙi, ya fito da maiƙo. Ya ce mota mai yoyo ita ce mai sauƙi, don takan bar shaida a ƙasa, wannan kuwa zobban fistan ɗinta ne suka cinye, man yana haurawa yana ƙonewa tare da esansi, wato fetur, shi ya sa kwalina bai ga komi ba. Sai ya dube ni da mamaki, ya tambaye ni ashe Malam bai faɗa mini ba? Ai ya daɗe da sanin ciwonta, shi ya sa yake auna mai kowace safiya yana ƙara mata.

Wallahi sai na zauna a kan wata taya ina kuka. Malam ya kira ni don ya nuna mini, ba sau ɗaya ba, ni ce na tsaya duban lalle. Makanikin ya ce injin ya ƙone, sauran jikin ma ba zai ɗauki sabo ba. Masu sayen ƙarafa daga kasuwar Katako suka zo da amalanken jaki. Abu ɗaya na roƙa, su kwance mini kujerar direba.

Na rubuto ne don 'yan'uwana mata, har ma da maza. In fitilar mai ta kama, ku tsaya, ku auna da sanda, ku sa wani ya duba hayaƙin daga baya, don rashin ɗigo a ƙasa ba lafiya ba ne. In kuma na kusa da ku ya ce zo ki gani, ku ajiye abin da ke hannunku ku je, shayi ana iya sake ɗora shi. Kujerar tana tsakar gidanmu ƙarƙashin itacen bedi. Ɗiyata tana zama a kai har yanzu, amma jiya ta shinshina ta, ta ce mini ƙamshin Baba ya fita.