Sai Turbo Ta Huce

Shekara biyar ke nan da aka ɗauki ƙanena Sabi'u daga gidanmu na Bukuru aka kai shi makwancinsa. Ciwon zuciya ne ajalinsa, ciwon da ya ɓoye mana har ya ci ƙarfinsa. Na faɗi wannan tun farko ne don mai karatu ya san abin da mu ba mu sani ba a lokacin, mu da muke ci daga tukunya ɗaya da shi. Ni ce babbar yayarsa. Ni na goya shi sa'ad da mahaifiyarmu take tafiya wankin kuza, har na haddace numfashinsa a bayana, na san na barci, na san na zazzaɓi. Ku riƙe wannan, don a kansa nake tuhumar kaina.

Sabi'u direba ne. Yana da wata tsohuwar akori-kura mai shan gas, wadda a da can fara ce. Da ita yake ɗauko madara daga rugagen bayan Vom ya kai wa masu shayi da masu yogot a cikin Jos, in zai dawo ya haɗo da dankali ko kabeji. Matsalar motar ɗaya ce, wani hawa da ke hanyar ruga. In ta ɗauko kaya ta zo nan sai ta yi ta gurnani tana fitar da baƙin hayaƙi, ta tsaya cak. Sai ya sa mata dutse a bayan taya, ya sauke jarkokin madara, ya haye da ita wayam, sannan ya dawo yana ɗaukar jarkokin a kafaɗa ɗaya bayan ɗaya. Shekara da shekaru yana haka bai taɓa ƙorafi ba, don madara ba ta jiran kowa.

Rannan sai ga shi da wani ƙarfe a cikin buhu, ya ajiye min a gaban tandar masata. Abu kamar katantanwa, duk tsatsa da baƙin mai. Wai daga wajen 'yan gwangwan ya samo, an ciro daga wata mota da ta yi hatsari. Ya ce sunansa turbo. Ya yi min bayani yana ta zumuɗi: hayaƙin da ke fita ta salansa shi zai riƙa juya wata 'yar fanka a ciki, ita kuma ta riƙa tura wa injin iska. Ya ce, “Yaya, nan Jos a sama muke, iskarmu ba ta da kauri. Motar nan ba ƙarfi ta rasa ba, numfashi take nema.” Na ce to ya ɗauke min numfashinta daga kan ƙullina kafin in nuna masa nawa.

A tsakar gida aka yi aikin, ƙarƙashin bishiyar fiya. Abokinsa Dung, bakanike ne a Tudun Wada, tun firamare suke tare, shi yake zuwa duk Lahadi in ya taso daga coci. Da farko Dung bai so ba. Ya ce injin ya tsufa, in aka matsa masa zai iya fashewa. Sabi'u ya nace, irin nacin da ban san shi da shi ba. Aka kira mai walda ya yanka bakin salansa ya yi wa abin mazauni, aka ja siririn bututu mai kai masa baƙin mai daga inji, aka huda ƙasan injin aka yi wani na mayarwa. Sau nawa suka ɗaura suka kwance, Allah ne masani. Farantaina suka koma ma'ajiyar notuna, robar wankina ta koma ta wanke ƙarafa, wani zanina mai kyau na tsince shi an yayyaga ana goge hannu. Na yi faɗa har maƙwabta suka leƙo. Abin da ban lura ba shi ne, duk wani aiki na kwanciya a ƙarƙashin mota Dung ke yi. Sabi'u yana zaune a kan benci yana miƙa sufana.

Ranar da abin ya yi, har ni na yi guɗa. Sabi'u ya taka totur sai muka ji wani siririn fito daga cikin injin, yaran unguwa suka ɗauka suna kwaikwayo. Washegari ya dawo yana dariya, wai ya haye tudun nan da kaya fam, ko giya bai canja sau biyu ba. Ya ce, “Na gama ɗaukar jarka a duniya.” Muka ce masha Allah. Ba wanda ya tambaye shi me ya sa mutumin da bai kai arba'in da biyar ba yake murnar rabuwa da ɗaukar jarka har idonsa ya kawo ruwa.

Sai kuma ya kafa mana doka. Ya ce mota mai turbo ba a kashe ta da zuwa, sai an bar ta a silo ta huce, in ba haka ba man da ke ciki ya ƙone, abin ya lalace. Don haka kullum in ya dawo da la'asar sai ya faka a ƙofar gida, inji na aiki, shi yana zaune a ciki. Da farko ɗan jim ne. Sannu a hankali zaman ya riƙa tsawo, har a zuba masa abinci ya huce bai shigo ba. Mu kuwa muka samu abin tsokana. Duk wanda aka aika ya yi nawa sai a ce ai sai turbo ta huce. Ni na ƙirƙiro maganar, kuma ni na fi kowa yayata ta.

Hausawa sun ce ruwa ba ya tsami banza. Matarsa Maryam ta fi ni ido. Ta same ni ina suya, ta durƙusa ta ce, “Yaya, anya lafiyar Baban Nura kuwa? Yanzu a zaune yake barci, takalmansa ma sun daina shigarsa.” Wallahi ko ɗagowa ban yi ba. Na ce ƙiba ce, tunda ya samu na'urar da ke yi masa aiki jiki ya mutu, ta rage masa mai a miya. Yarinyar nan ta yarda da ni, don ni ce babba, ni na goya shi. An ce abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango ba. A gidanmu yarinya ce ta hango daga durƙushe, babbar ta ce mata ta koma ɗaki.

Akwai yammacin da ba ya barina. Na shanya wanki, iska ta kwaso hayaƙin motar ta watsa a kai. Na fita a fusace na buga masa gilashi. Na tarar ya kifa kai a kan sitiyari. Ya ɗago, goshinsa duk gumi alhali ana sanyi, ya yi min murmushi, ya nuna gaban motar da yatsa, ya ɗaga tafin hannu alamar in dakata. Na ce kai da turbon taka ku ƙarata, na juya na shige gida. Sabi'u da ba a taɓa yi masa magana ɗaya bai mayar da uku ba, ya amsa min da hannu, ni kuma na ɗauka rainin hankali ne. Ƙofa ɗaya ce tsakanina da shi, kuma ba a kulle take ba.

Ba a daɗe ba ranar ta zo. Har aka kira magariba inji na aiki a waje. Maryam ce ta fita, ihunta muka ji. A asibiti likita ya ce zuciyar ta jima da kumbura, ruwa ya taru a ƙirji, ya tambaye mu ko ba mu ga yana haki ba in ya yi 'yar tafiya. Muka kalli juna. Ta yaya za mu gani, mutumin da ba ya shigowa gida sai ya gama hakinsa a cikin mota? 'Yan kwanaki ya yi a gadon, Allah ya karɓi abinsa.

A zaman makoki ne Dung ya ƙarasa ni, ba da niyya ba. Na ce masa ya koya wa Nura, ɗan marigayin, yadda ake wannan dogon zaman hucewa, kada motar ubansa ta lalace. Ya dube ni ya ce, “Wane dogon zama, Anti? Turbo ba ya so komai, kamar ka sha ruwa kofi ɗaya, finish, ka kashe.” Sai na ga fuskarsa ta canja. Ya ce shi ma Sabi'u ya taɓa ce masa kafaɗa ce ta gaji da jarka, shi ya sa yake son turbo, shi kuma ya yi dariya ya ce tsufa ne, oga. Ƙato da shi ya rufe fuska da hula yana kuka a zauren gidanmu.

Nakan tambayi kaina me Sabi'u zai ce da ya leƙo yau. Zai sha mamakin yadda wayar salula ta shiga hannun kowa, har Fulanin da yake sayen madara a wajensu suna bugowa su ce an tatsa. Zai yi tsaki in ya ga sababbin akori-kura suna zuwa da turbonsu tun daga kamfani, ya ce ina daɗin abin da ba ka sha wahalarsa ba. Abin da zai fi ɓata masa rai shi ne yadda garin ya rarrabu, har mutum yana lissafin unguwar da zai shiga. Amma zai ji sanyi in ya ji Dung bai fasa ba. Yakan zo ya duba bututun man nan da hannunsa, ya ci masata, ya gaishe ni, ba ma tayar da zancen.

Masu ba ni haƙuri suna cewa ajali ne, ko na buɗe ƙofar nan kwanansa ba zai ƙaru ba. Na yarda, ban ja da ikon Allah ba. Amma ko bai ƙara kwana ba, da bai yi hakin nan shi kaɗai ba, inji na rufe masa sauti, mu muna ciki muna dariya. Ya ɓoye ne don kada hankalinmu ya tashi, haka yake tun yana yaro, in ya faɗi sai ya waiga ya ga ba mai kallo sannan ya yi kuka. Ni na san wannan halin nasa fiye da kowa. Abin da ke cina ke nan, kuma shekara biyar ba ta rage komai ba.

Abin da ya bari bai da yawa: 'ya'ya masu hankali, abokin da bai gudu ba, da motar da har gobe take haye tudun nan tana fito. Nura ke janta yanzu. Duk la'asar in na ji ya faka bai kashe ba, ko masa ce a tanda sai in bar ta, in yafa mayafi in fita, in buɗe ƙofar gefe. Yakan ce, “Gwaggo, turbo ce kawai take hucewa.” Sai in ce na sani, kwashe min takardun nan in zauna, ka ba ni labarin hanya. Ba labarin nake so ba. So nake in ji ya kai ƙarshen magana bai tsaya neman numfashi ba.

Allah ya jiƙan Sabi'u, ya yalwata masa makwanci. Ni kuma ya yafe min ƙofar nan da ban buɗe ba.