Manu, Mai Sauraron Gangar Birki

Da an sallame sallar asuba a Matameye, kafin masu koko su sauke tukunya, Manu ya riga ya shimfiɗa buhunsa a rumfar da ke bakin tashar motocin gyaɗa, ya ajiye 'yar gudumarsa a gefe. Ɗan maƙera ne. Tun yana saurayi ya bar ƙirar fartanya ya bi motocin da suka fara keta yashin ƙasar Kance. Yana taɓa inji, amma da birki aka san shi, musamman gangar ƙarfen nan da ke cikin ƙafar mota, wadda birki ke kamawa in an taka.

Sabuwar ganga sai a kantin Turawa a Damagaram, tsadarta kuwa ta fi ƙarfin mai mota ɗaya. Shi ya sa mutanenmu tsohuwa suke saye, wadda aka kwance daga motar da ta mutu. A ido duk ɗaya suke, an shafe su da mai suna ta ƙyalli. Sai an kawo wa Manu ya rataye ta da igiya, ya ɗan ƙwanƙwasa, ya karkata kai. Mai lafiya amonta dogo ne, yana ja siriri har ya ɓace. Mai tsaga a ciki kuwa da an buga sai ta yi shiru. Wadda ya ƙi, nan take yake ɓalle mata baki da babbar guduma, don kada a zaga baya a sayar wa wani. Masu mota sun sha zaginsa a kan wannan. Masu tuyar ƙosai kuwa addu'a suke yi masa, don rabin murhun gawayin da ke kasuwa gangunan da Manu ya ƙi ne.

Kai ne, Manu, ka sa matan da ke hawa saman buhunan gyaɗa da goyo a baya suke sauka lafiya, alhali ko sunanka ba su sani ba.

Ɗan farinsa Dawuda direba ne, yana jan motar wani Alhaji na Damagaram, kuma uban ne da kansa ya zaɓa wa motar gangunan baya. A kakar gyaɗar bara waccan motar ta ƙwace a gangaren da ke kan hanyar Kance, ta faɗa kwari da lodinta. Dawuda bai iso gida da rai ba. Da yake ɗan fari ne, kunya ta hana uban kuka a gaban mutane, ya zauna ya karɓi gaisuwa ido a bushe. Amma magana ta zaga gari a ɓoye cewa birki ne ya ƙi, kuma kowa ya san wanda ya zaɓi gangar. Ba wanda ya faɗa masa a fuska. Ba a ma bukatar a faɗa, don shi ya fi kowa faɗa wa kansa.

Alhajin ya haƙura da motar ya bar ta a kwarin. Aka kwashe tayoyi, aka kwashe fitilu da kujera. Gangunan kaɗai ba a taɓa ba, domin duk wanda ya ciro su dole ya kai su rumfar Manu, kuma ba mai wannan ƙarfin hali. Shi ma bai je ba. Bugu ɗaya zai gaya masa ko zaɓinsa ne ya kashe ɗansa, sai dai tsoron amsar ya fi masa zaman rashin sani nauyi. In Kance za shi, ta cikin gonaki yake bi.

Bana wani matashi, Rabo, wanda ya haɗa duk gadonsa ya sayi tsohuwar mota irin ta Dawuda, gangarsa ta tsage ana gab da fara awon gyaɗa. Aka nema har Kano ba a sami irinta ba. Ya dinga zuwa rumfar yana gaisuwa yana tashi, bakinsa ya kasa furta abin da ya kawo shi, har Manu ya gane cewa gangunan motar da ke kwarin yake so. A'i matar Manu ce ta ƙarasa maganar a gida. Ta ce masa kwanan nan sai ta maimaita zance kafin ya amsa, kunnen da ya sha guduma tun ƙuruciya ya fara gajiya, in zai je ya je tun yanzu.

Rabo ne ya ba da labarin abin da ya faru a kwarin. Da hantsi suka isa, suka kwance gangunan, suka kankare tsatsa, suka rataye ɗaya a reshen gawo. Manu ya yi bisimilla ya ƙwanƙwasa, ya karkata kai. Ya sake. Ya matsa har kunnensa ya kusa taɓa ƙarfen, ya ƙara bugawa. Rabo yana jin ƙarfe yana kuka, amma bai san na lafiya da na cuta ba.

Ya ce, "Baba, me ta ce?"

Manu ya ajiye gudumar. Sannan ya ce, "Ban ji ba, Rabo. Bugun ina ji, jan amon ne ba na ji. Na makara."

Da ya ce lafiyarta ƙalau, babu mai musa masa daga nan har Damagaram. Da sunansa ya wanku, da A'i ta sami barci, da Rabo ya kama kaka tun farkonta. Kai ne ka ƙi sayen kwanciyar ranka da rayukan waɗanda za su hau motar wani. Ka ce wa Rabo kada ya ɗaura su a kan maganarka, ya kai wa wani makanike a Damagaram ya saurara, kuma tun daga ranar ba ka ƙara karɓar gangar kowa ba.

Rabo ya kai su a motar haya, farkon awo ya wuce shi, amma ya dawo da albishir cewa duka biyun lafiyarsu lau. Manu ya yi murmushi ya ce ko a fashe suke haka Rabo zai faɗa, don yaro ne mai tausayi. Rabo bai ja da shi ba. Ya je ya ɗaura gangunan, ran kasuwa ya sa mahaifiyarsa da 'ya'yansa a gaban mota, ya taho ya taka birki daidai bakin rumfar, motar ta tsaya cak. Manu ya dubi tsohuwar da jikokinta, ya gane, ya rufe fuska da hannun riga ya yi kukan da ya daɗe yana haɗiyewa.

Ya tafi gida ya gaya wa A'i. Ta ce, "An wanke ka, Maigida. Shi marigayin fa? Yanzu za su ce gudu yake yi, ko barci ya yi."

Bai ko zauna ba ya koma wurin Rabo, ya roƙe shi kada ya gaya wa kowa inda gangunan suka fito. Ya ce a bar laifin a kansa yadda yake, shi yana raye zai iya ɗauka, wanda ke ƙasa ba shi da bakin da zai kare kansa.

Ka yi haƙuri, Manu, mun ƙi jin maganarka, don ba ma iya kallonka ɗauke da kayan da ba naka ba. Abin da ya faru a gangaren nan Allah kaɗai ya sani, ba mu ɗora wa uba ba, ba mu kuma ɗora wa ɗa ba. Mun gode, Allah ya saka maka, ya jiƙan wanda ka rasa. Makanikan da ke tasowa, ku koyi cewa ban sani ba a inda ba ku sani ba, ko da naku ran ne zai ƙuna. Mai wucewa ta tashar gyaɗa kuma ya tsaya a rumfar, ya ɗaga murya sosai. Kada ya ce masa an wanke shi. Ya ce masa Dawuda direban kirki ne. Wannan yake so ya ji tun kunnen bai gama rufewa ba.