Farar Shadda a Cikin Masu Jar Riga

Wata Juma'a bayan la'asar, ina aji uku, aka nuna ni a talabijin, duk ƙasar Masar ta gan ni ina kuka da majina har baka. Ku yi dariyarku, ni ma yanzu ina yi, amma ran nan wallahi na ɗauka tawa ta ƙare.

Lokacin muna unguwar Hay el-Sabi', Baba direba ne a ofishin jakadanci. Aikina bai wuce sayo burodi da wake da safe ba, sai zubar da shara, sai buga ƙwallon tsumma da yaran layi har mai gadin gida ya biyo mu da tsintsiya. Yayana Sani ne ya samo tikitin babban wasan ƙwallo, masu jar riga da masu farar riga, kuma wajen masu ja za mu zauna. Na yi ta naci, na wanke masa takalmi, har ya ce yalla, mu je. Matsalar daga Umma ta taso. Ita a wajenta duk inda jama'a suka taru biki ne, don haka ta ciro farar shaddata ta Sallah, wadda ta sha sitati tana ƙara kamar takarda, ta kafa min hula. Yaya ya ce, Umma, can fari kayan abokan gaba ne. Ta ce, "Fari kayan mutunci ne ko a ina. Ɗana ba zai shiga taro kamar mara gata ba." Yaya ya raɗa min in bari kawai, zai saya min jar riga a ƙofa.

Ba mu kai ga mai sayar da rigar ba. Muna sauka daga mikrobas, 'yar ƙaramar bas ɗin haya, turmutsutsu ya haɗiye mu, aka matse ni tsakanin cikkunan ƙarti, na ji hannun Yaya yana zamewa yatsa bayan yatsa. Na kira shi, ni kaina ban ji muryata ba. Jama'a suka kwashe ni sama, ƙafata ko ƙasa ba ta taɓawa, sai ga ni a kan benayen 'yan kallo, gabas ja, yamma ja, hayaƙi ma ja, ni kaɗai fari fat kamar an yar da ƙwai a cikin tattasai. Ban san hanyar gida ba, lambar kowa ba ta kaina. Ina cikin wannan lissafi masu fari suka jefa ƙwallo. Wurin ya yi tsit, sannan zagi ya ɓarke, sannan kawuna suka fara juyowa kaina. Na cire hular na cusa a hammata, wai ni mai dabara. Wani ƙato mai ganga ya sunkuyo ya tambaye ni da Larabci, kai na wa ne, yaro? Ni da nake zagin yaran layi da Larabci har su yi kuka, ranar ko alif ban samu ba. Abin da ya fito kawai shi ne, "Baba don Allah ka yi haƙuri." Sai kuka.

Can filin ya ɗauki ihu, kowa yana nuna babban allo. Na ɗaga kai, sai ga fuskata, girmanta ya kai bene, baki a wage. Na ce khalas, shi ke nan, an sanar da kowa, yanzu za a yi min hukunci. Ƙaton nan ya sure ni sama, na rufe ido ina jiran in ji ni a ƙasa. Ashe a wuyansa ya ɗora ni, yana ɗaga hannu yana washe baki. Bawan Allah shi ma talabijin yake so ya fito!

A gida kuwa Umma, wadda ba ta san gola daga alƙalin wasa ba, ta kunna talabijin tana tuƙa tuwo. Ta gan ni, ta yar da muciya, ta kira Yaya a waya, wanda ke can ƙasa yana leƙa bayi ɗaya bayan ɗaya. "Ga shi can a wuyan wani mai ganga! In ba da shi za ka dawo ba, kar ka dawo min gida." Yaya ya bi ƙarar gangar har ya iso, jiƙe sharkaf. Na shirya shan mari, sai ya rungume ni. Mai gangar ya zuba min 'ya'yan kabewa a tafi yana cewa ma'alish, wato ba komai. Ko wa ya ci wasan, ku tambayi wani. A makaranta dai har na bar ta sunana Abu Dumu', wato uban hawaye.

Yanzu Umma ta koma Kano, Yaya yana can tare da ita. Ni ina kai saƙon abinci a babur a unguwar Dokki, kullum sai na ɓata a lungu, waya ta ce in yi dama, in yi dama. Ba tsoro, ba kuka, kuma ba wanda tuwonsa zai ƙone saboda ni. Ɓatan da babu mai nemanka ya fi ciwo.