Sannu-Sannu da Wuƙar Ɓare Lemo

Ranar da ƙofa ta doki Sannu-Sannu a ɗuwawu, rabin layinmu na kallo. Ya shiga kemis ɗin ƙanin matarsa ne sayen maganin ciwon baya, sanye da farar rigarsa ta fita kunya. Ya tura ƙofar gilas da kafaɗa, ya tsaya a bakinta yana gaisawa da jama'a. Ƙofar ba ta jira ya gama sallama ba. Ta dawo a guje ta maka masa ta baya, hula ta yi gaba, shi ya bi ta da rarrafe, gefen riga ya maƙale ya yage har ƙugu. Mata uku da ke kan benci suka toshe baki da mayafi, amma dariyar ta ƙi zama.

Abin haushin, shi ya kafa ƙofar da hannunsa, ko wata biyu ba a yi ba.

Shekara ashirin da bakwai ke nan yana aikin ƙofofi. Da farko kafinta ne, sai ya koma wa irin ƙofar nan da ke rufe kanta ba ka ga abin da ke jan ta ba, don injin yana binne a ƙasa, an rufe shi da farantin ƙarfe. Sunan kuwa bakinsa ne ya jawo masa. Kowace ƙofa ya gama sai ya wangale ta, ya saki, ya bi ta da "sannu, sannu, sannu" kamar mai lallashin amarya. A duniya ƙofa kaɗai yake wa wannan lallashi. Mutum ne da ko ƙuda ya sauka masa a hanci sai unguwa ta ji. In ya shiga banki ko ofishin wani, sai ya saki ƙofarsu ya ƙirga. In ta rufe kafin ya ƙirga bakwai, maigadi ya shiga uku da masifa, alhali bawan Allah bai san hawa ba bai san sauka ba. A gida ma ya sa wa ɗakinsa irin injin, ya cuci kansa: in suka yi faɗa da matarsa ya fizgi ƙofa zai buga, sai ƙofar ta bi shi a hankali kamar tana ba shi haƙuri. Shi ya sa bokitan gidan duk a lotse suke, don a kansu yake huce haushi.

To, cikin matan nan uku har da Likita, wadda ke gina ƙaramin asibitin haihuwa a ƙarshen layi. Ƙofa goma sha ɗaya take so, kuma saura kaɗan ta ba shi aikin. Ita ba ta yi dariya sosai ba. Ƙofar ta kalla, ta kalle shi, ta ce, "Malam, wannan aikinka ne? In mai ciki wata tara ce ta tsaya a nan fa?"

Kafin ya buɗe baki, mai kemis ya leƙo daga bayan kanta yana ɓare lemo.

"Ai na faɗa masa, Likita. Yaya, injin nan jabu ne. Tun shekaranjiya take marin kwastomomina."

"Jabu? Ni?"

"Ba kai ba, injin."

"Da ni da injin duk ɗaya ne, ɗan rainin wayo!"

Ko hular bai ɗauka ba. Ya fita da yagaggiyar riga tana kaɗawa, singileti a waje. Matarsa ta tare shi a tsakar gida tana tambayar wane kare ne ya kama shi, ya ce, "Ƙaninki!" Ya suri jakar kayan aiki ya dawo yana huci. Likita har ta miƙe za ta tafi, ya ce don Allah ta zauna, a gabanta aka zubar masa da mutunci, a gabanta zai kwashe abinsa.

Ya durƙusa, ciwon bayan ma ya manta da shi. Ya kwance farantin ƙarfen ya jefar gefe, ya nuna da sukundireba.

"Ku matso, kowa ya gani. Nan ciki sifirin ne, murɗaɗɗen ƙarfen nan mai tsalle, da mai. In ka tura ƙofa ka matse sifirin, shi kuma so yake ya dawo da ita da ƙarfin tsiya. Mai ne ke riƙe shi, don sai ya bi ta wata 'yar kafa kamar ta allura. Sukurun nan biyu su ke buɗe kafar ko su rage ta. Na farko shi ke tafiyar da ƙofa tun daga wangale har saura taƙi ɗaya. Na biyu shi ke ƙarasa ta, ta kama ba tare da ƙara ba. Ka ɗaure, ta yi sanyi. Ka sassauta, ta yi sauri. Kuma ɗan gezau ake juyawa, kamar faɗin farce. Farce! To wane mara tsoron Allah ne ya yi wa wannan juyi uku?"

Mai kemis ya ce wataƙila da kansa ya kwance.

"Da kansa? Har da cizon kansa?"

Kan sukurun duk ya sha yaga. Sannu-Sannu ya sa ɗan hantsaki ya zaro wani siririn ƙarfe daga tsagar, ya ɗaga sama. Tsinin wuƙa ne. Idon kowa ya koma kan wuƙar da ke hannun mai kemis, wadda bakinta ya gutsure kamar haƙorin tsoho. Gogan ya yi saurin tura ta ƙarƙashin ɓawon lemo.

"Yaya, sanyin esin da ke sanyaya shagon ne ke fita. Kafin ta rufe, shagon ya zama gidan burodi."

"Sai ka kira ni! Gidana a bayan duniya yake? Saura rabin juyi sukurun ya fito, man ya tsiyaye, injin ya mutu murus. Sannan ka zauna kana ɓare lemo kana ce wa mutane aikina jabu ne! Yau ni ta doka. Da tsohuwa ce mai sanda fa, maganin tari za ka ɗaura mata a ƙugu?"

Ya sunkuya ya ɗaure na farko, ya wangale ƙofa, ya saki, ya ƙirga: huɗu. Ya yi tsaki, ya ƙara gezau: shida. Ya ƙara wanda ido ma bai gani ba. Sai ga ƙofa ta taho tana yanga, ta iso saura taƙi, ta ɗan numfasa, ta kama ƙit. Bakwai cif. Fushi bai sauka ba, amma "sannu, sannu" yake ce mata.

Likita ta tashi ta gwada da kanta. Ta tsaya a bakin ƙofar ta juya baya, ta ja ƙafa kamar mai naƙuda, ta wuce, ƙofar ba ta ko shafi mayafinta ba.

"Gobe da safe ka zo ka auna," in ji ta. "Amma ka canza riga."

Mai kemis ya ga an fara dariya, ya ɗauka wuta ta mutu. Ya miƙo hular da ƙullin maganin yana washe baki.

"Yaya, tunda ka iya sanyaya ƙofa haka, kai ma a ɗan ɗaure maka naka sukurun mana. Yayata ta huta."

Sannu-Sannu ya fizge hular ya kafa a ka.

"Nawa sukurun daidai Allah ya saita shi. Irinku ne ke sa masa wuƙar lemo, in na doke ku kuma ku ce jabu ne!"