Gadar da Atan Ya So Ta Bi Ruwa

Kullum in Atan ya sallame sallar asuba ba ya komawa ɗaki. Sai ya bi gadar katakon da ke bayan gidansa har ƙarshenta, ya durƙusa, ya leƙa dirkar ƙarshe ya ga inda ruwan teku ya kai. Akwai wata tsohuwar ƙusa da yake sokewa a ƙugun zanensa. Da ita yake ɗan karce jikin dirkar, sannan ya miƙe ya tafi shan kofi. Bai taɓa faɗa wa kowa abin da yake lissafawa ba, mu ma a tsibirin Berangan ba mu tambaye shi ba. Mun dai san in mutum zai fitar da kaya ko zai shigo da amarya, wurin Atan zai je ya ji ranar da ta dace.

Shekara arba'in ya yi yana fito da kwalekwalensa mai inji tsakanin tsibirinmu da garin Tanjung Pinang, tafiyar awa uku. Ya kai busasshen kifi da kwakwa, ya dawo da shinkafa da kananzir. Ba shi da yawan magana. Matarsa Seripah ce ke yin maganar gidan, tata da tasa.

Shekara shida kafin abin da zan ba da labari, ɓarin jikin Seripah na hagu ya shanye. Ranar da za a kai ta asibiti ruwa ya janye, kwalekwale yana can ƙasa, tsakaninsa da bakin gada tsani ne mai mataki tara. Wani maƙwabci ne ya goya ta ya sauka da ita, rabin gari na tsaye suna kallo. Abin da ya faru da zanenta a kan tsanin nan, waɗanda suka gani ba su sake tayar da zancen ba. Ta warke daidai gwargwado, bakinta ya dawo har ya fi da, amma ƙafa ba ta dawo ba. Tun daga ranar ba ta sake barin tsibirin ba. Tana kan keken guragu, daga ɗaki zuwa madafa, daga madafa zuwa baranda.

Suna da 'ya guda, Nurlela, ma'aikaciyar jinya a Singafo. Da ƙaramar salla ta zo gida tare da mijinta Rizal, ta ajiye wa iyayenta takarda mai hoton wani farin jirgin ruwa.

"Ayah, Mak," ta ce, wato Baba da Mama a harshenmu, "kwana huɗu za mu yi a cikinsa, mu huɗun nan. Hawa goma sha takwas ne. Har masallaci za a samu a yi salla, har wurin wanka a can samansa."

"Wurin wanka a cikin jirgi?" in ji Seripah. "Duk ruwan da ke ƙarƙashinsu bai ishe su ba?"

Ta yi dariya, amma ba ta saki takardar ba. Atan ya lura da yadda take shafa hoton da babban yatsanta mai lafiya. Can ta ɗago ta ce, "Zan je. Amma ku ji ni da kyau. Ni ba buhun shinkafa ba ce. Duk ranar da aka ce wani zai ɗauke ni, na fasa, ko da ƙafa ɗaya na cikin jirgin."

Rizal ɗan birni ne, yaron kirki, ya riga ya tsara komai a wayarsa. A tashi daga Berangan ranar Alhamis da safe, a kwana a Tanjung Pinang, Juma'a a hau jirgin fito zuwa Singafo, da la'asar babban jirgi ya tashi. In an dawo ranar Talata, Laraba kowa yana gidansa.

Atan ya ce, "Alhamis ɗin nan, nawa ga wata?"

"Sha huɗu, Ayah."

"Watan sama nake tambaya."

Aka duba kalandar masallaci da ke rataye a bango. Goma sha tara.

"Uwarku ba za ta fita ba," in ji Atan.

"Ayah, ga shi nan waya ta ce ruwa zai cika ranar."

"Zai cika. Wayar ta taɓa zuwa gadata?"

Seripah, wadda Bang take kiran mijinta, ta ce, "Bang, yi wa yaro bayani mana, kana jan magana kamar mai jan taru."

Sai ya tashi, ya ja surukinsa zuwa ƙarshen gada, ya nuna masa dirkar. Rizal ya daɗe a durƙushe. Karce ne a kan karce, na shekara da shekaru, wasu gansakuka ta rufe su. Atan ya ɗora yatsa can ƙasa ya ce nan ruwan sha tara ga wata yake tsayawa, sauran mataki uku. Ya ɗora a sama, dab da katakon da suke kai, ya ce nan kuma ruwan sha biyar da sha shida, sai na ƙarshen wata da tsayuwar sabo. A waɗannan ranakun ne kawai bakin kwalekwale yake daidaita da bakin gada, har a shimfiɗa falanki a tura keke a kai.

Da suka koma ciki Rizal ya ce wa Nurlela a hankali, "Lela, tafiyar kwana huɗun nan ta mako biyu ce."

Haka kuwa ta zama. Dole su fita sha shida ga wata, su zauna a Tanjung Pinang su jira ranar jirgi. In an sauka kuma, su sake zama har wata ya ƙare. Hutun Nurlela mako guda ne, ba za ta iya raka su a jiran ba. Ta so ta yi kuka. Atan ya ce ta bar masa abin da ke gaban jirgi da abin da ke bayansa, ita ta riƙe tsakiyar.

Wata biyu ya yi yana shiri, kuma a wannan lokacin ne muka ga wani Atan da ba mu sani ba. Ya je Tanjung Pinang sau uku ba da kaya ba. Ya sami gidan wata 'yar ƙanwarsa da ba shi da bene, ya auna faɗin ƙofar banɗakin da igiya, ya dawo ya gwada igiyar a jikin keken. Ya je tashar jirgin fito ya wuni a zaune yana kallon yadda ake shigar da tsofaffi, ya gane jirgin safe ma'aikatansa ɗaga keke suke yi su huɗu, na hantsi kuwa turawa ake yi. Ya zaɓi na hantsi. Ya feƙe falankai biyu, ya buga musu baki don kada taya ta goce. Da daddare ba ya gwaji, da rana tsaka yake yi kowa na gani: ya ɗora buhun kwakwa a keken ya tura shi cikin kwalekwale, ya fito da shi, ya sake turawa.

"Atan, amarya ka yi?" in ji masu gyaran taru. "Wannan ta fi Seripah shiru!"

"Ta fi ni nauyi dai," Seripah ta amsa daga baranda. "Ku ce masa ya rage mata kwakwa uku, kada ya ɓata mini suna."

Ranar sha shida da hantsi ruwa ya zo inda ya ce zai zo, bai rage ko faɗin yatsa ba. Seripah ta sa rigarta mai ruwan ganye, Atan ya tura ta a kan falankai, keken ya gangara cikin kwalekwale kamar daga ɗaki zuwa ɗaki. Ba wanda ya taɓa ta. Matan da suka zo rakiya suka yi ta ɗaga mata hannu. Ita kuwa ta gyara zaman mayafinta, Atan ya tayar da inji.

Abin da ya biyo baya daga bakin Nurlela muka ji shi, don Atan ba mai ba da labari ba ne. Ta ce a Singafo, da motar haya ta sha kwana suka hango jirgin, mahaifinta ya cire hularsa ya riƙe a hannu. Ya fi tsibirin Berangan tsawo. Atan ya ɗaga kai yana ƙirga hawa, ya ɓace a na sha ɗaya, ya sake farawa. Bakinsa na motsi da tasbihi. Mutumin da ya san nauyin da ruwa ke iya ɗauka, yau ga gari guda a kan ruwa, ko girgiza ba ya yi.

Amma ba jirgin ne ya tsayar da shi ba. Gadar shiga ce. Doguwa, mai rufi, kanta a maƙale da jikin jirgin, gindinta a kan tayoyi. Nurlela ta tura mahaifiyarta suka shige, shi kuwa ya tsaya a tsakiya mutane na ratsa shi. Ya tare wani ma'aikaci, ɗan ƙabilar Bugis ne daga tsibirin Sulawesi, ya tambaye shi wane lokaci ruwa ke cika a nan.

"Ban sani ba, Pak," ya ce cikin girmamawa. "Ba ruwanmu."

"In ya janye fa?"

"Sai gadar ta bi shi."

Kwana biyu bayan haka jirgin ya tsaya nesa da wani tsibiri, aka riƙa kwasar mutane a ƙananan jirage. A bakin gaɓar akwai dandamali mai yawo a kan ruwa, da gada mai gangara ta sauko kansa. Seripah da yaran suka tafi kasuwa. Da suka dawo bayan awa uku suka tarar da Atan inda suka bar shi, a tsugune, yana kallon ƙarfen da ya haɗa gadar da tudu, yadda yake ɗagawa yana sauka a hankali kamar ƙirjin mai barci.

"Bang, an kawo ka ganin duniya kana gadin ƙarfe?"

"Pah," ya ce wa matarsa, "shekara arba'in ina jiran ruwa ya hau."

Karon nan ba ta tsokane shi ba.

Seripah kam ta ga duniya. Ta ci abinci a hawa na sha shida, teku na can ƙasa kamar shimfiɗaɗɗen zane. Ta sa an kai ta gaban jirgin da sassafe, iska ta kusa tafiya da mayafinta, ta ce a bar ta a nan. Ta ce tun tana yarinya take cikin teku, ba ta taɓa ganin bayansa daga sama ba.

A dawowa yaran suka koma bakin aiki, tsofaffin biyu suka yi jiransu na kwana shida a Tanjung Pinang. Ranar da sabon wata ya tsaya suka kamo hanya. Lissafin Atan daidai yake. Abin da bai shiga lissafi ba wata tsohuwar igiyar taru ce da ta naɗe farfelar inji a tsakiyar hanya. Kafin ya nutsa ya yanke ta, awa guda da rabi ta tafi. Da suka iso Berangan ruwa ya riga ya juya, mataki biyu sun fito.

Mataki biyu kawai. Maza huɗu na tsaye a kan gada. Wani ya ce, "Mak Seripah, ko kyaftawar ido ba za a yi ba, mu ɗaga ki da keken gaba ɗaya."

Ta dubi Atan. Atan ya dubi matakan. Sai ya ɗaure kwalekwalen, ya warware tamfol ya kafa mata inuwa, ya zauna kusa da ita.

Ruwa ya ci gaba da janyewa har kwalekwalen ya zauna a kan laka, a ƙarƙashin gidansu. Mata suka riƙa zuro musu shinkafa da gasasshen kifi a kwando da igiya, yara da manya na leƙowa.

"Yaya babban jirgi, Mak Seripah?"

"Wannan ya fi shi. A can kai za ka je wurin abinci, a nan daga sama yake saukowa." Ta ɗaga kai tana duban ƙasan madafarta. "Bang, dubi katakon can ya ruɓe. Ashe a kan rami nake dafa maka abinci."

A nan suka kwana. Washegari da hantsi ruwa ya ɗago su, ya tura ta gida a kan falankansa. Ba wanda ya taɓa ta.

Bai huta ba. A makon ya fara tara durorin roba, shuɗɗa, har goma sha biyu. Ya ɗaure su, ya shimfiɗa katako a kai, dandamalin ya tashi a kan ruwa daram, ya hau ya yi tsalle a kansa, tsoho ɗan saba'in da ɗoriya. Sannan ya kama gadar gangarar. Ya ce sai ta yi tsawo sosai, yadda ko ruwa ya janye ƙarshen janyewa mace ɗaya za ta iya tura keken ta hawo. Na lura da ya ce mace ɗaya. Ban tambaye shi dalili ba.

Ya gama ƙashin gadar a kan tudu, a gindin bishiyoyin kwakwa, ya buga falankai goma sha bakwai cikin ashirin da shida. Ya zana siffar ƙarfen da zai riƙe kanta a jikin kwali, ya ce ranar Asabar zai kai wa wani maƙeri a Tanjung Pinang. Ranar Laraba bayan la'asar ya ce kansa na sarawa, ya ɗan kishingiɗa a baranda. Seripah tana ta yi masa magana, ta ɗauka shirun da ya saba ne. Ashe rai ya yi halinsa.

Dandamalin na nan a ɗaure, yana hawa yana sauka shi kaɗai. Gadar na kwance a gindin kwakwa, sauran falanki tara. Kwalin yana wurin Seripah. Nurlela ta so ta karɓa ta kai wa maƙerin, ta ce a bari tukuna, ba ta gama kallonsa ba.