Kukun da Aka Ce Ya Manta Girki

Yunana ya zo Dutsin-Ma daga kudancin Zariya a 1971, ya kama aikin kuku a wani gidan saukar baƙi. Mutum ne mai saurin fushi, amma a kan abinci kaɗai. Abin da ya yi suna a kai shi ne gasasshen haƙarƙarin ɗan rago. Ran kasuwar Kurfi zai tsaya a kan Rabe mahauci har sai an yanka masa ƙashi ɗaya-ɗaya, kowane da tsokarsa, ba irin saran gatarin da aka saba ba. Ya gasa a garwashi, mintuna kaɗan kowane gefe. Sannan ya yanka na'ana'a da lawashin albasa da tafarnuwa ƙanana, ya matsa lemun tsami, ya ɗiga man gyaɗa, ya zuba haɗin ɗanye shar a kan naman. Har daga Katsina ake zuwa ci.

A 1985 aka ce za a rage ma'aikata. Babban jami'in da zai yanke wa za a bari, wa za a sallama, ya aiko cewa zai ci abincin rana a gidan. Yunana ya san aikinsa na cikin farantin nan, ya kuwa yi gashin da bai taɓa yi ba.

Sai ga Alhaji Garba, sabon manajan gidan, wanda ko ƙwai bai taɓa soyawa ba, ya leƙo madafa.

"Kuku, mi ne ne wanga? Babban mutum za ka kai ma ɗanyen ganye? Akuya ne shi?"

"Alhaji, haka ake cinsa. Shekara goma sha huɗu ina..."

"Garin nan ba a ba baƙo ɗanyen abu. Kankare shi, maida wuta, ka barbaɗa yaji."

Yunana ya kankare, ya maida. Naman ya koma wuta har ya bushe kamar kilishi.

Jami'in ya tauna, ya tauna, ya ajiye. Ya sa aka kira kukun.

"Malam Yunana, ina naman nan mai koren ganye da ake ba ni labari? Don shi na yi niyyar barin ka. Wannan ai ko a tasha na samu wanda ya fi shi."

Yunana ya dubi Alhaji Garba. Kalma ɗaya ta gaskiya daga bakinsa ta isa. Amma manajan nan, ko kunya babu, ya gyara babbar riga ya ce, "Ranka shi daɗe, tsufa ne. Ya fara mantuwa."

Shi kuwa Yunana an horar da shi cewa kuku ba ya ƙaryata maigidansa a gaban baƙo. Sai ya ɗauke farantin ya koma madafa. Wannan ladabin banza shi ya ci shi, kuma har yau abin yana ƙona mini rai.

Takardar sallama ta zo bayan sati biyu. Ya koma Kurfi wurin 'yarsa Salomi, mai aikin jinya. Tukubar nama ba ta buɗuwa ga baƙo, sana'ar mahauta ce ta gado, don haka ya ƙare da gadin wani shago. In ya wuce, mutane sukan nuna shi cikin tausayi su ce, "Allah sarki, kukun nan ne da ya manta girki."