Hular Wayoyi a Kan Yaya Mai Kunne

Shekara ashirin da biyu Yaya Mai Kunne ta yi a kamfanin ɗinkinmu, sha ɗaya daga ciki tana shugabar sashe. Da sharar zare ta fara, da wannan aikin kuma ta riƙe 'ya'ya uku bayan rasuwar mijinta. Keken ɗinki arba'in ne a ƙarƙashinta, kuma wallahi kowanne ta san kukansa. Tana tsaye bakin ƙofa za ta ce, "Ke ta bakwai, allurarki ta lanƙwashe," ki duba ki ga haka ne. Ba ta tsawa, ba ta da ofis, sai almakashi rataye a wuya.

Ni ce a keke na sha huɗu, don haka kada wani ya ce min labari na ji.

Bara Manaja ya je wani taro ya dawo mana da sabon ciwon kai: wai ƙwaƙwalwar shugaba daban take, har ana iya aunawa. Ya ɗauko wata dakta daga jami'a ta auna shugabannin sashe da masu haƙon kujerunsu. Daktar, in faɗi gaskiya, a gabanmu ta ce, "Na'urar nan motsin ƙwaƙwalwa take nunawa, ba ta zaɓen shugaba. Bincike kawai muke yi." Manaja ya gyaɗa kai irin na wanda ya riga ya gama shawararsa.

Aka zaunar da Yaya a ɗakin ajiye yadi, bango ɗaya ne tsakaninta da mu. Aka sa ta cire ɗankwali, aka kifa mata wata hula mai wayoyi kamar zaren da ya harɗe. Aka ce ta zuba wa kwamfuta ido minti ashirin, in ta ga alama ta danna, kada ta motsa.

Kada ta motsa! Matar da kunnenta ke kan keke arba'in!

A minti na tara bakin mayafina ya shiga bel ɗin da ke juya keke. Ban yi ihu ba, ina na ga ta ihu abu ya shaƙe ni? Ta kusa da ni ma ba ta lura ba, kowa kansa a ƙasa. Amma kukan kekena ya canza, Yaya kuwa ta jiyo ta bango. Ta fizge hular, ta banko ƙofa kai ba ɗankwali, ta kashe wutar layin gaba ɗaya, ta datse mayafin da almakashinta. Har yau tabon na nan a wuyana.

Bayan sati biyu Manaja ya tara mu ya karanta takarda: hankalin Yaya ba ya tsayawa wuri ɗaya, kuma ba ta kammala gwaji ba. A ƙasa daktar ta rubuta cewa sakamakon ba shi da amfani tunda an katse. Na gani da idona, ya danne wurin da babban yatsa. Kujerar kuwa aka ba Ɗan Kwat, mai karɓar oda, wanda ya zauna minti ashirin cur kamar buhu. Wai layukan ƙwaƙwalwarsa sun fito sumul.

Raina ya ɓaci. Na ce, "Ranka ya daɗe, hankalin nata da bai tsaya ba, wuyana ya je cetowa!"

Ya ce, "Malama, kimiyya ba ruwanta da tausayi."

"Wace kimiyyar? Wadda ka danne da yatsa?"

Yaya ta kamo hannuna. "Ya isa, ƙanwata. Kina da yara."

Aka mayar da ita jera yadi, a ɗakin nan dai da aka kifa mata hula. Ta kama aikinta kawai. Ni ce ma na kasa cin abinci kwana biyu don takaici.

Jiya na leƙa ta, na same ta jingine da bango, kai a karkace. Ta ce, "Ki gaya wa sabon shugaba bel ɗin keke na tara zai tsinke. Kwana uku ke nan yana kuka." Na je na gaya masa. Ya buɗe takardarsa, ya ce nan an rubuta na tara lafiyarsa ƙalau.

Wadda ke kan na tara cikinta wata bakwai.

Yau da safe da muka shigo, Yaya ta riga ta jawo kujerarta bakin ƙofar ɗakin yadi, almakashi a kan cinya. Ɗan Kwat ya ce ta koma ciki. Ko kallonsa ba ta yi ba, kunnenta na kan na tara.